Dabinon da Alhaji Ya Haɗiye

'Yan matan da ke zuwa wurina neman koyon wankan jarirai kusan duk da tambaya ɗaya suke farawa, wai wata nawa ake yi a iya. Sai in yi dariya in ce su nuna mini farcensu. Mai zaƙo-zaƙon farce in ce ta je ta yanke ta dawo, kuma da yawansu daga nan ba na sake ganinsu. A ganinsu aikin bai wuce a zuba ruwa a baho, a cuɗa ɗan mutum, a shafe shi da mai a tafi ba. Ni da nake fitowa daga unguwarmu Abakpa kullum bayan asuba, jaka a kafaɗa, masu ƙosai suna hura wuta, na san ruwa shi ne ƙaramin abin da ke cikin sana'ar nan. Babban aikin na ido ne. Kuma wallahi aiki ne mai daɗi, don ba kowa ke fara yininsa da ƙamshin sabon mutum ba.

Jaririn da na fara wankewa gwanda ce. Inna Talatu, ƙanwar kakata wadda ta koya mini aikin, ta shafe ta da sabulu ta ɗora mini a hannu, ta ce in juya ta ciki da baya ba tare da ta taɓa ƙasan baho ba. Ta suɓuce. Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ɗan mutane ne ya faɗi, in ɗauka in sake. Mun ci gwanda a gidanmu a damunar nan har ta gundure mu. Sai da hannuna ya san nauyin abu mai santsi, sannan ta bar ni na riƙe ƙafar jariri na gaske yayin da take wanke masa kai. Daga ƙafa na hau baya, daga baya na hau wuya. Kai ne na ƙarshe, saboda maɗiga tana bugawa a ƙarƙashin yatsa kamar ƙaramin tsuntsu, sai wanda hannunsa ya natsu.

Kayan aikina ba su da yawa. Baho, soso mai laushi, sabulun da ba shi da turare, man zaitun, tawul fari, da ma'aunin zafin jiki. Ruwa da gwiwar hannu nake gwada shi, don tafin hannun mace ya saba da tukunya, yana yi mata ƙarya. Cibi kuwa maganin da asibiti suka bayar nake sa masa, ba na yarda a sa toka ko man goge baki komai yawan magiyar kaka. Kafin in taɓa jariri nakan wanke hannu. Bayan na kwance shi kuma nakan karanta jikinsa tun daga ƙeya har tafin ƙafa: launin ido, lanƙwasar wuya, hammata, bayan kunne. Amma akwai abin da nake dubawa wanda ba a jikin jaririn yake ba. Ina duba leɓen duk wanda ke gidan. Wannan a muguwar shekara na koye shi.

Wata yarinya ce a Kawo, bayan tasha, 'yar wani tela. Ɓulɓul aka haife ta, ga gashi kwance luf. Ni da Inna muke mata wanka. Bayan suna ta fara ƙin nono, sai barci, in an tashe ta ta koma. Inna ta ga wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa a gefen idonta, ta ce a kai ta asibiti. Mutanen gidan suka ce ƙurajen zafi ne, aka barbaɗa hoda aka jira. Da aka kai ta an makara, Allah Ya karɓi abarsa. Kafin a share makoki magana ta zaga unguwa cewa hannun Inna ne ba shi da kyau. Wayarta ta daina ƙara. Matar da ta wanke rabin yaran layinmu ta koma sayar da daddawa a ƙofar gida, bahonta a kife a bayan ɗaki.

Likitar da ta duba yarinyar, wata mace mai sanyin murya, ita ta kira uwar da Inna ta zaunar da su, ni ma ina gefe. Ta tambaya ko akwai mai ƙurji a leɓe da ya sumbaci jaririyar. Can uwar ta tuna da yayarta da ta zo barka tana murna zazzaɓinta ya fashe, ta ɗauki 'yar ta yi ta sumbata a ido da kumatu. Likitar ta ce mai yiwuwa daga nan ne, kuma kada a ga laifin kowa, don babu wanda ya sani.

Ku kun san ƙurjin nan. Wanda ke fitowa a gefen leɓe bayan an tashi daga zazzaɓi, ya fara da ƙaiƙayi, ya yi ruwa, ya fashe ya yi ɓawo. Mu murna muke yi da shi, muna cewa ciwo ne ya samu ƙofar fita. Ashe ba zazzaɓin ba ne. Wata ƙwayar cuta ce daban, likitoci suna kiranta herpes. Takan shiga mutum tun yana yaro, galibi daga bakin wanda ya fi ƙaunarsa, sai ta kwanta a jijiya kamar iri a ƙasar rani. Zazzaɓi ko gajiya ko zafin rana su ne ruwan saman da ke tsirar da ita. Babbar hanyarta sumba ce da yawu. Uwa ta ɗanɗana koko ta miƙa wa yaro cokalin. Kaka ya tauna nama ya sa wa jika a baki. Moɗa ɗaya a kan randa, tawul ɗaya a kan igiya, man leɓe ɗaya tsakanin 'yan mata uku. Yatsa ya sosa ƙurji ya je ya goge idon yaro. Wani lokaci tana cikin yawu ko da leɓe bai nuna komai ba, amma ta fi ƙarfi daga fara ƙaiƙayi har ɓawon ya faɗi. In ta kama yaro mai tafiya, sai ya yi zazzaɓi, dasashi ya kumbura, baki ya yi gyambo, yawu na dalala, mu ce haƙori ne. Shi yakan warke. Jariri sabon haihuwa kuwa jikinsa bai san faɗa ba tukuna, tana iya wucewa jini har ƙwaƙwalwa. Wasu in sun ga sunan a waya sai su fara kallon juna da zargi, don akwai irinta da ake ɗauka ta wajen saduwa. Ta leɓe dai babu ruwanta da wannan, a hannun iyaye aka fi samunta.

A shekarar da babu aiki na shiga makarantar koyon aikin lafiya. Sannu a hankali mutane suka fara kira, amma gwiwoyin Inna sun gaji da durƙuso, sai ta wanke bahonta ta ba ni.

Wani gida a Unguwar Sarki shi ne inda aka gwada ni. Maigidan, Alhaji, tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, mutum mai tsabta da fara'a, ba ka ganin ɗigo a farar jallabiyarsa. Autarsa ce ta dawo gida wankan jego. Auta kowa ke kiranta, ni ma haka na bi. Ta daɗe da aure, ciki ya sha zubewa, sai wannan karon Allah Ya tsayar mata da ɗa namiji. Gidan kamar ana salla. Mahaifiyarta, Hajiya, ba ta iya wucewa ta ƙofar ɗakin ba ta leƙa jaririn ta ce ina mijinta ba.

Al'adar gidan ita ce duk jaririn da aka haifa, Alhaji ne ke tauna masa dabino ya goga masa a dasashi, kamar yadda ya zo a sunna. Ya yi wa 'ya'yansa, ya yi wa jikokinsa. Na wannan yaron ma tun daga Madina ya taho da shi ya ajiye. Sai dai haihuwar ta same shi a kwance da zazzaɓin cizon sauro, bai ko fito ya ga yaron ba, aka ce a jira shi.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, tsakar gida tana ƙamshin ƙasa da ganyen darbejiyar wankan jego. Na gama wanka na naɗe yaron a tawul, Hajiya ta ce in kawo shi falo, Alhaji ya samu sauƙi. Na same shi zaune a kan darduma, ya sha turare, muƙamuƙinsa na motsi a hankali. Ya riga ya sa dabinon a baki. Na gaishe shi da jiki, ya amsa da kai, ya nuna mini leɓensa da yatsa, alamar in gani, ciwo ya fita. Na gani kuwa. Ƙananan ƙuraje ne cunkushe a gefen leɓen ƙasa, cike da ruwa, suna ƙyalli kamar raɓa a bakin ganye.

Ya miƙo hannu biyu, ya ce da cikakken baki, "Kawo mini abokina."

Na durƙusa da yaron a ƙirjina na ce, "Baba, a gafarce ni. Yau ba zan iya miƙo shi ba."

Hajiya ce ta fara magana. Ta tambaye ni ko kaina ɗaya. Ta ce a bakin nan duk 'ya'yanta suka sha dabino, ga su nan da ƙafafunsu, har ɗaya ta haifi wanda nake riƙe da shi. Na ce mata gaskiya ne, amma wataƙila a lokutan nan babu ƙurji. Alhaji dai hannayensa na nan a miƙe. Can ya sauke su a kan gwiwa. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ya haɗiye dabinon.

"'Yar nan, bakina ne yake da dauɗa?"

Na rantse masa ba haka ba ne. Na gaya masa abin da na gaya muku, kaina a ƙasa. Na ba shi labarin 'yar tela ba tare da na kama suna ba. Na ce kwana kaɗan ne, ƙurjin zai bushe. Bai katse ni ba har na gama. Ya naɗe dardumarsa ya shige ɗaki ya rufo ƙofa.

Hajiya ta biyo ni har bakin ƙofar gida. Ta ce don darajar Inna Talatu ne ta yi shiru, kuma gobe kada in wahalar da kaina, ita ma ta iya wankan jariri tun kafin a haife ni. Na roƙi in yi sallama da mai jego. Na sami Auta zaune a bakin gado, ta ji komai. Na jera mata abin da za ta lura da shi, ƙin nono, yawan barci, zafin jiki ko sanyinsa, ƙurji mai ruwa ko da guda ne, na ce in ta ga ɗaya kada ta jira kowa, asibiti kawai. Sannan na ce ta riƙe ɗanta.

Ta dube ni ta ce, "Ma'u, in Baba ya ce in kawo shi, da wane bakin zan ce a'a?"

Na ɗauki jakata. Na fita na bar yaro a gida ɗaya da dabinon Madina.

Jarirai biyu na wanke bayan nan, ɗaya a Kawo ɗaya a layinmu, kuma sai da uwar na biyun ta tuna mini ban shafa masa mai ba. Da na gaya wa Inna, ta ce in koma da safe, ai korar baki ce, ba a kore ni da sanda ba.

Washegari ina shan kwanar layin na hango mutum zaune a kan benci a ƙofar gidan, da takunkumi a fuska. Alhaji ne. Tun daga nesa yake yafito ni, har yana miƙewa. Ko gaisuwa bai bari na gama ba. Ya ce jiya da la'asar ya je asibiti da kansa, likita ya duba, ya faɗa masa abin da na faɗa, har ya ba shi magani. Ya ce bai taɓa yaron ba, ko ƙofar ɗakin bai je ba. Ni dai na ce alhamdu lillahi ya fi a ƙirga, jakata har tana zamewa daga kafaɗa.

Ashe bai tsaya nan ba. Da ya dawo sai ya tara mutanen gidan kamar zaman kwamiti, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya tana yin ƙurjin duk bayan zazzaɓi. Babban ɗansa yana yi tun yana makaranta, duk lokacin jarrabawa. Wata jikarsa bara ta yi ciwon baki aka ce haƙori ne, kuma ya tuna sarai shi ke tauna mata tsire a lokacin. Ya koma baya har kan mahaifiyarsa, Allah Ya jiƙanta, wadda takan shafa wa nata shuni ta ci gaba da ba su fura da ludayinta. Yana faɗa yana nuni da hannu a iska, idanunsa na walƙiya kamar wanda ya gano hanyar da ruwa ke bi a ƙarƙashin gari.

"Kin gani, 'yata? Ashe gado muke ta raba wa juna, babu wanda ya san yana bayarwa."

Ya ware kofinsa da cokalinsa da tawul ɗinsa. Ya sa an sayo wa kowa moɗarsa. Muna cikin maganar Hajiya ta leƙo daga zaure, ba ta kalle ni ba, ta ce wa iska in mutum zai shigo ya shigo, ruwa na hucewa.

A ranar aka yi dabinon. Uban yaron ya zo, ya wanke hannu da sabulu, ya murje ɗan ɓallin dabino tsakanin yatsunsa har ya yi laushi, ya taɓa wa yaron a dasashi. Yaron ya yamutsa fuska, sai kuma ya kama tsotsar leɓe. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa yana addu'a. Ya saba in ya gama ya tofa wa jariri, sai na ga ya shafa a fuskarsa shi kaɗai, ya mai da hannayensa baya ya harɗe su, kamar yana tsoron kada su tafi da kansu.

Daga nan kullum da safe a kan bencin nake samunsa. Ya janye takunkumi ya turo mini leɓe kamar ɗan makaranta mai nuna aikin gida, ya ce, "Malama, ya yi?" In duba in ce da saura. Ya ce wannan malama ba ta da sassauci, da a ofishinsu take da babu mai samun ƙarin girma. Ƙurjin ya fashe, ya yi ɓawo, ɓawon ya tsage ya yi jini saboda yawan dariyarsa, ya sake yin wani. Ni kuma ina ciki ina karanta jikin yaro, fatarsa sumul, yana kama nono kamar wanda aka yi wa alkawari.

Har ranar suna ɓawon bai faɗi ba. Aka raɗa wa yaro sunan Alhaji, ga takwara bai taɓa ɗaukar takwaransa ba. Da mata suka fara cika gida, Hajiya da kanta ta zauna kusa da mai jego da butar ruwa da sabulu. Duk mai son ɗauka sai ta wanke hannu, sumba kuwa babu, ko a goshi. Yayar Alhaji, wata dattijuwa da ta zo daga Zariya, ta ce wannan wane irin sabon salo ne, jikan nata? Aka je aka gaya wa Alhaji a waje. Ya aiko a ce wa Yaya ta yi haƙuri ta hau layi, shi ma mai sunan yana bayanta.

Ranar da leɓen ya yi, rana ta fito fes bayan ruwan dare. Ya janye takunkumin, na duba, na sake dubawa. Ɓawon ya faɗi, wurin ya haɗe, sai ɗan ja-ja na sabuwar fata. Na ce, "Baba, ya yi." Ya ce in sake faɗa, kunnensa ya tsufa.

Na yi wankan nan hannuna na ɗoki. Da na fito da yaron a naɗe, kowa na falo, har Auta ta taso ta jingina da ƙofa. Alhaji ya sake sabuwar jallabiya fara ƙal, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, ya zauna a kan dardumarsa. Na durƙusa na ɗora masa shi.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗago shi a hankali zuwa fuskarsa, yadda hannunsa ya saba yi wa kowane jika. Babu wanda ya yi motsi. Saura kaɗan sai ya tsaya. Ya sauke shi, ya sunkuya ya ɗora goshinsa a kan 'yan ƙafafun da ke cikin tawul.

"Takwara, sumba sai ka yi ƙwari. Ni ba sauri nake ba, zan jira ka."

Bai rufe baki ba wani ɗumi ya bi tawul ɗin ya sauka a kan farar jallabiya, ya yi ta faɗi har gwiwa. Alhaji ya dubi cinyarsa, ya dubi yaron, kafaɗunsa suka fara rawa don dariya.

Hajiya ta ce, "To, shi dai bai jira ka ba."